Finafinan yaƙin basasa: almakashin Abuja ba zai kare Bahaushen kurmi ba

Ranar 15 ga Janairun 2026 manyan ƙasa sun taru a Abuja kamar yadda aka saba, an yi fareti, an ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, kowa ya shiga motarsa. Sai dai ranar ta wannan shekarar ta zo da nauyi na daban. Shekara 60 ke nan cif da daren da su Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, aka harbe Akintola a Ibadan. Kuma a rana irin wannan ce, a 1970, aka rufe yaƙin basasa. A Abuja taro ya watse tun kafin azahar, amma a cikin wayoyinmu bai watse ba. Duk lokacin da wannan rana ta zagayo, ko 30 ga Mayu da masu rajin Biyafara ke zaman gida, sai ka ga an yanko guntayen finafinan yaƙi ana yawo da su a TikTok da Facebook: ga soja yana ihu, ga mutane a kwance cikin jini, a ƙasa an rubuta wai ga abin da Hausawa suka yi. Nan take zaurukanmu na WhatsApp su ɗau zafi, wannan ya ce ƙarya ce, wancan ya ce sharri ne, sai a ƙare da magana ɗaya: ina gwamnati, me ya sa ba za a hana ba?

To 'yan uwa, an taɓa gwada hanawar. Ya kamata mu tuna yadda ta kaya kafin mu ci gaba da roƙon a maimaita.

A 2013 aka gama fim ɗin Half of a Yellow Sun, wanda aka ɗauko daga littafin Chimamanda Ngozi Adichie na 2006. Biyi Bandele ne ya ba da umarni, su Chiwetel Ejiofor da Genevieve Nnaji da marigayiya Onyeka Onwenu suka fito a ciki, aka ɗauki mafi yawansa a Kalaba. An fara nuna shi a Toronto ta ƙasar Kanada a watan Satumban 2013, aka sa ranar 25 ga Afrilun 2014 don buɗe shi a gidajen sinimar Najeriya. Ana saura ƙiris sai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Abuja, ta ƙi ba da takardar izini. In an yi wa hukumar adalci, lokacin ba lokaci ne mai daɗi ba. Kwana goma sha ɗaya kafin nan, ranar 14 ga Afrilu, bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe mutane sama da 70, a daren ranar kuma aka kwashe 'yan matan Chibok, ga zaɓen 2015 yana ƙaratowa. Hukumar ta ce akwai wuraren da za su iya tayar da fitina, sai an gyara. Aka yi ta ja har wata uku, aka yanke abin da aka yanke, sannan fim ya fita ranar 1 ga Agusta.

Me hanawar ta haifar? Fim ɗin da wataƙila da ya yi 'yan makonni a sinima ya wuce, sai ya zama labarin duniya. Jaridun Ingila da Amurka suka ɗauka cewa Najeriya na ɓoye tarihinta. Chimamanda da kanta ta yi rubutu a mujallar New Yorker a kan haka. Kuma tun ana cikin jan, ana nuna fim ɗin a Landan da Amurka yadda yake. Maƙwabcinka Ibo a Aba ko a Alaba, wanda bai ma kalli fim ɗin ba, abin da ya shiga kansa shi ne an hana ne don a rufa wa 'yan Arewa asiri. Ka ga an ƙara mana laifi na biyu a kan na farko: ga zargin kisa, ga zargin ɓoyewa. Wancan lokacin ma ke nan da sinima da faifai ke da ƙarfi. Yau yaron da ke Houston zai yanko daƙiƙa arba'in ya ɗora, kafin wani jami'i a Abuja ya buɗe fayil mutum dubu ɗari sun gani. Almakashin hukuma bai kai can ba.

Sannan ga maganar da ba ma son ji. Wurin da ya fi tayar da hankali a fim ɗin shi ne inda sojoji suka shigo filin jirgin saman Kano suna harbe 'yan ƙabilar Ibo. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Ranar 1 ga Oktoban 1966 sojojin bataliya ta 5 da ke Kano sun yi bore, sun fita daga bariki sun kashe mutane a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, 'yan gari kuma suka shiga ciki. Kafin nan an yi na watan Mayu, wanda dattawa ke kira Araba, bayan Ironsi ya fito da dokar soja mai lamba 34 da ta rushe jihohi ta haɗe mulki wuri ɗaya. Masu tarihi sun saɓa a kan adadi, daga dubu 8 har zuwa dubu 30, amma babu mai hankalin da ya ce ba a yi ba. Duk ɗan uwanmu da ya shiga ƙarƙashin bidiyon nan ya rubuta "ƙarya ne", wallahi ba taimakonmu ya yi ba. Wanda yake musu da shi wataƙila kakarsa ce ta dawo Inugu a jirgin ƙasa da zane ɗaya a jikinta. Daga ranar duk abin da za ka faɗa masa, ko da gaskiya ce tsagwaronta, ba zai ƙara saurarenka ba.

Inda za a kama waɗannan finafinai ba wajen abin da suka nuna ba ne, wajen abin da suka bari ne. Fim na awa biyu ba ya ɗaukar komai, dole mai shi ya zaɓa, kuma kowa abin da ya fi ci masa rai yake zaɓa. Daren 15 ga Janairu wucewa ake yi ta kansa da sauri, kamar labarin rediyo a bayan fage. Ba ka ganin Hafsatu matar Sardauna da ta mutu tare da mijinta. Ba ka ganin Birgediya Zakariya Maimalari, ko Kanar Kur Muhammad, ko Abogo Largema, ko James Pam, manyan hafsoshin Arewa da aka gama da su a dare ɗaya. Wannan ba hujja ba ce ta kashe tela ko akawu a Sabon Gari wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kada wani ya juya min magana. Amma mai kallon da bai san farkon ba, zai ɗauka wata safiya ce kawai mutanen Arewa suka tashi da ƙishin jini. Haka kuma ba ka ganin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu har ƙura ta lafa. Littafin Chimamanda ma ya fi masu yanko bidiyo adalci a nan, don a ciki akwai Mohammed, Bahaushen da ya fitar da Olanna daga Kano da ranta, kamar yadda akwai Abdulmalik, maƙwabcin da ya shiga cikin masu kisa. A daƙiƙa arba'in na TikTok kuwa Abdulmalik ne kaɗai ke fitowa.

Kuma akwai mutum ɗaya da ban taɓa ganinsa a ko ɗaya daga cikin finafinan nan ba: Bahaushen da ke zaune a Gabas a 1966. Akwai shi fa. Akwai mahauta da 'yan goro da dillalan shanu a Inugu da Onica da Fatakwal da Umuahiya. An kashe wasunsu a ramuwar gayya, duk da adadinsu bai kai ko kusa da na Ibon da aka kashe a Arewa ba, sannan a watan Oktoba Ojukwu ya ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya bar yankin don ba zai iya lamunce masa tsaro ba. Suka bar gidaje da bashi a hannun mutane suka hau jirgi. Waɗannan su ne kakannin irinmu. Babu su a fim ɗin Ibo, babu su a hirar 'yan Arewa na gida, su da ke ganin ɗan kurmi kamar wanda ya tafi ya ɓata.

Abin da ya fi shafar wuyanmu kai tsaye shi ne sunan. A bakin mutanen Gabas lokacin yaƙi, sojan tarayya duk Awusa ne. Alhali Gowon Angas ne kuma Kirista ɗan mai wa'azi, T.Y. Ɗanjuma Jukun ne, ƙananan sojoji da yawa Tibi ne da sauran ƙabilun tsakiya. Benjamin Adekunle da ya jagoranci rundunar da ta ci Kalaba da Fatakwal daga Ogbomosho ubansa ya fito, Obasanjo ne ya karɓi miƙa wuyan Biyafara, Awolowo kuma shi ke riƙe da baitulmali. Yaƙin tarayya ne, kowa da hannunsa a ciki, mai kyau da marar kyau. Amma fim yana son mugu mai fuska ɗaya da za a gane da an gan shi, to sai a sa masa hula da carbi a ba shi suna Musa. Janar-janar ɗin da suka yi yaƙin suna Asokoro da Minna da Abekuta a bayan katanga da masu gadi. Wanda ke yawo da wannan hula da wannan suna a titin Owerri ba tare da ko sanda ba, shi ne mai shayi da mai gyaran takalmi da yaron da ke koro shanu daga Lokpanta.

Mafi muni a wannan fanni ba ma ɗan Najeriya ne ya yi shi ba. A 2003 Amurkawa suka fitar da Tears of the Sun, Bruce Willis ne jarumi. Labarin wai Fulani Musulmi sun yi juyin mulki a Najeriya sun kashe shugaban ƙasa Ibo da iyalinsa, suna bin Kiristoci ƙauye-ƙauye suna yankawa, sai sojojin Amurka suka sauko suka ceci bayin Allah. Ba a taɓa yin wannan juyin mulki ba, dajin da aka nuna ma na Hawaii ne ba namu ba. Amma sama da shekara ashirin fim ɗin nan yana yawo a talabijin da faifai, kuma da yawan Turawa iyakar abin da suka sani game da Bafulatani ke nan. Da Trump ya fito a watan Nuwamban 2025 yana barazanar shigowa Najeriya da bindigogi don ceton Kiristoci, duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin ya ji kamar ana karanto masa labarin da ya sani. Ban ce fim ne ya jawo maganar Trump ba, kashe-kashen Binuwai da Filato da Zamfara gaskiya ne kuma ba Hollywood ta ƙirƙiro su ba. Ina dai cewa hoto yana riga hujja shiga kai. Mafarauta 16 da aka tare a Uromi a watan Maris na 2025, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, babu wanda ya tsaya jin ta bakinsu. An riga an san ko su wane ne tun kafin su sauko daga mota.

Yanzu bari mu dawo gida, don mu ma muna da namu. Lokacin da Netflix ta saki fim ɗin Amina a watan Nuwamban 2021, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni, Arewa ta yi ca. An yi shi da Turanci, 'yar Hausar da ke ciki ta karye, sutura ba tamu ba, fada ba ta yi kama da ta Zazzau ba. Ƙorafin yana kan hanya, ni ma ban ga dalilin da za a ce sarauniyar Zazzau tana ba dakarunta umarni da harshen Ingila ba. Amma a duba wani abu. Amina ɗin nan abin da aka rubuta a kanta a tsofaffin littattafai bai taka kara ya karya ba: 'yan layuka ne a Tarihin Kano da kuma Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, masana ma ba su daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, wasu na 15 wasu na 16. A kan wannan muka yi sati muna kumfar baki. A kan 1966 kuwa, da shaidunsa ke raye suna zuwa masallaci tare da mu, ba mu ajiye komai ba. Kuma wa ya zuba kuɗinsa a Amina? Okechukwu Ogunjiofor, Ibo. Shekaru ya yi yana fama. Mu da muke da labarin muna zaune har wani ya zo ya ɗauka, sannan muka tashi gyara masa rawani.

Haka fim ɗin '76 na 2016, a kan juyin mulkin Dimka da ya ci ran Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Shi ma Izu Ojukwu ne. A barikin Mokola aka ɗauke shi, 'yan Sabon Ibadan sun san tsakaninsu da wurin taku ne, kuma sai da sojoji suka duba labarin suka amince. Murtala ɗan Kano ne, hotonsa na kan naira 20, amma har yau Kannywood ba ta yi wani fim a kansa da ya kai wannan ba.

Tunda an ambaci Murtala, akwai ranar da ke tafe da ya kamata mu shirya mata. A farkon Oktoban 1967 sojojin runduna ta 2, wadda yake jagoranta, sun shiga Asaba, aka tara maza a fili aka harbe ɗaruruwa. Mutanen Asaba ba su manta ba, suna taron tunawa, an rubuta littattafai. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai mai da shi babban fim. Ranar me za mu ce? In muka ce ƙarya ce, kaburbura na nan. In muka ruga Abuja a hana, mun koma 2014. Mutum zai iya girmama Murtalan wata shida na mulki, wanda ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Abujar kanta, kuma ya yarda an yi ɓarna a Asaba a ƙarƙashin rundunarsa. Ibon da ya ji Bahaushe ya faɗi haka da bakinsa, shi ne zai iya zama ya saurari labarin Maimalari.

Ita gwamnati, a gaskiya ba ta da bakin cewa masu fim sun karkata tarihi, don ita ce ta bar filin. Kwamitin Mai shari'a Oputa da Obasanjo ya kafa a 1999 ya saurari koke-koke, har da na Ohanaeze a kan 1966 da yaƙin, da martanin dattawan Arewa, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba. Darasin tarihi an cire shi daga ƙananan makarantu shekara da shekaru, irinmu mun gama sakandare ba wanda ya koya mana Aburi ko gari ne ko mutum. Sai a 'yan shekarun nan ake ta sanarwar dawo da shi. Abin da ya rage shi ne kowane janar ya rubuta nasa. A watan Fabrairun 2025 Babangida ya ƙaddamar da littafinsa A Journey in Service a otal ɗin Transcorp Hilton da ke Abuja, ya ce juyin mulkin Janairu ba na ƙabilar Ibo ba ne. Gabas ta yi murna, da yawa a Arewa suka ji haushi, iyalan Abacha suka yi nasu martanin a kan abin da ya shafe su, attajirai kuma suka yi alkawarin biliyoyin naira a zama ɗaya don gina masa ɗakin karatu. In manyan da suka riƙe bindiga ba su daidaita ba, ta yaya ma'aikacin hukumar tace finafinai zai zauna a ofis ya yanke wane ne ya yi daidai?

Abin haushin shi ne ba rashin mutane ne ya hana mu ba. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, mai shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja. Hannatu Musawa 'yar Katsina ce ministar al'adu. A 2016 gwamnatin Buhari ta so gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa ta jihar Kano, aka yi ta suka a mumbari har aka fasa. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan, kuma malamai suna da abin da suke tsoro. Amma ba za ka rushe maƙera ba sannan ka zo kana kukan wasu sun fi ka takobi. Kannywood kuma ta maƙale a soyayya da kishiya da rikicin gado, don su ne ke kawo masu kallo a YouTube, fim ɗin yaƙi kuwa yana cin kuɗin da furodusa ɗaya ba zai iya ba.

Kuɗin kuma akwai shi a kurmi. Duk wanda ya tashi a kara ya san abin da ke juyawa a Oko-Oba ko Akinyele a rana ɗaya. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin Shasha, ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta tsayar da lodi zuwa kudu, cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas, sai da aka zauna da shugabanninta a Abuja aka janye. Ƙungiyar da ta iya tsayar da tireloli daga Arewa gaba ɗaya, a ce ba ta iya haɗa kuɗin fim ɗaya ba? La'adar mako guda ta kara biyu ko uku za ta yi nisa.

Labarin ma ba sai an ƙirƙira ba. Ga Malam Umaru Altine, Bafulatani dillalin shanu daga ƙasar Sakkwato, wanda ya zauna a Inugu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, Ibo suka zaɓe shi ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Ga Ojukwu da aka haifa a Zungeru, yana jin Hausa, abokin Sarki Ado Bayero ne tun yana kwamandan bataliya ta 5 a Kano, bataliyar da daga baya ta yi ɓarnar filin jirgi. Ga Sabon Ibadan da aka kafa tun 1916, wanda sai da Bature Abner Cohen ya zo ya zauna ya rubuta littafi a kan fataucin shanu da goronsa a 1969. Shi kansa Biyi Bandele, da wasunmu suka zaga a 2014 a matsayin maƙiyin Arewa, Bayarabe ne haifaffen Kafancan, kuma shi ya rubuta Burma Boy a kan sojojinmu da suka yi yaƙin Boma, waɗanda finafinan Turawa na yaƙin duniya na biyu suka shafe kamar ba su je ba. Ya rasu a 2022.

Kafin a kai ga babban fim, akwai abin da ba ya buƙatar izinin kowa a Abuja. Kusan kowane zango daga Agege zuwa Ama Hausa ta Owerri akwai tsoho ɗaya ko biyu da ya ga 1966 da idonsa, ko ya baro Gabas a jirgin nan, ko ya yi soja, ko ya koma bayan yaƙi ya tarar da wanda ya riƙe masa amanar shagonsa. Wanda yake da shekara 20 a lokacin, yau yana da 80. Fadar Sarkin Hausawa ta kowane gari za ta iya sa samari biyu masu waya mai kyau su zauna da su bayan la'asar, a ɗauka da Hausa, a rubuta fassarar Turanci a ƙasa yadda ɗan Ibo da ɗan Yarbawa za su bi. Sharaɗin dai kada a ce wa tsohon ya tsallake wurin da bai yi mana daɗi ba, kuma in ya ambaci maƙwabcinsa Ibo da ke raye, a je a ɗauko nasa shi ma a haɗa.